Baba Sikana da Zoben Azurfa

Duk wanda ya saba sauka bakin Binuwai ta ƙasan gadar Jimeta da rani ya san Baba Sikana, ko da bai san ainihin sunansa ba. Dattijo ne dogo siriri, da malafa a ka da wandon kaki wanda aka datse a gwiwa, yana tafe a duƙe yana shafa yashi da wani baƙin abu da ya ɗaure a bakin sanda. Sunansa Othniel. Matarsa Keturah tana ce masa Baban Virtue, in ya ba ta haushi kuma ta ce "mutumin yashi". Masu wanki da masu lodin tifa su suka raɗa masa Baba Sikana, kuma tun ranar farko ya amsa, don shi ba mutum ba ne mai fushi da suna.

A wani ƙauye kusa da Numan aka haife shi, ubansa masunci. Kafin ya iya karatu ya iya duban ruwa, ya san inda yashi zai riƙe ƙafa da inda zai haɗiye ta. Amma uban ya rantse ɗansa ba zai tsufa cikin kwalekwale ba, ya tura shi makarantar mishan. Karatun bai yi nisa ba, sai dai ya isa ya samo masa aikin masinja a wata ma'aikata a Jimeta. Shekara talatin da biyar yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, ya auri Keturah, suka kama gida a Bekaji, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, ya kai gida ya rataye, ya zauna yana kallonsa. Wata biyu da wannan zama Keturah ta ce in bai nemi abin yi ba ita za ta nema masa.

Ashe abin yin yana tafe, kuma ba irin wanda ake roƙo ba. Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a mota wasu a ƙasa, kowane gida ya cika da baƙi. Bayan nan bama-bamai suka fara tashi a cikin garin kansa. Coci da masallaci da makaranta kowa ya nemi sikana, abin nan da ake shafa wa mutum a jiki a bakin ƙofa, in akwai ƙarfe ya yi tsuwa. Dattawan cocinsu suka sayo guda, suka duba wanda ba ya makara kuma ba ya jin kunyar kowa, suka miƙa wa Othniel.

Shekara shida ya yi a ƙofar nan, kuma bai taɓa son aikin ba. Yaya mutum zai so ya tsayar da tsohuwar da ta yi masa rainon 'ya'ya, ya ce ta ɗaga hannu? Duk tsuwar da abin ya yi sai gabansa ya faɗi, alhali makulli ne, ko kan bel, ko cokalin da wata ta manta a jaka. Da gari ya lafa, aka daina tsayuwar ƙofa, sikanar ta koma cikin kabad ɗin coci da tsagaggen mariƙi. Ya tambaya, aka ce ya ɗauka, wa zai yi rigima a kan wannan.

Yadda ta kai shi bakin kogi kuwa, laifin Keturah ne, ko da yake har gobe ba ta yarda ba. Washegarin wani Kirsimeti iyali suka sauka yashi shan iska, kamar yadda rabin Jimeta ke yi, ɗan kunnenta na aure ya faɗi. Ta tayar da hankalin kowa. Othniel ya tari keke ya koma Bekaji, ya dawo da sikana. Kafin shinkafa ta huce abin ya yi tsuwa, ga ɗan kunne. Wannan ce tsuwa ta farko da ta sa shi dariya. Tun daga ranar, in dai rani ne, in an gama addu'ar safe sai ya naɗe sikana a leda ya nufi kogi.

Kada a ɗauka wata dukiya yake tonowa. Marafan kwalba sun fi komai yawa, sai ƙugiyar masunta, ƙusa, makullai, tsohon kwabo mai huji, wani lokaci kwanson harsashi. Makullan yana rataye su a jikin rumfar mai shayi, mai abu ya zo ya gane nasa. Sauran tarkacen yana tara su a gwangwanayen madara a bayan ɗaki, Keturah tana mita tana share gefensu. 'Yarsu Virtue, wadda ke aikin jinya, ita ke sayo masa batir, tana cewa gara wannan da hawan jini.

Sikanar ƙofa ba don ƙasa aka yi ta ba. Abin da ya wuce zurfin yatsu huɗu ba ta jin sa, ko da tukunyar ƙarfe ce. Saboda haka Othniel ya koyi barin sama ta yi masa tono. Yayyafi ba ya amfana masa komai, danne yashi kawai yake yi. Busasshen hadari, wanda zai taso daga gabas da iska da rugugi ya wuce ba ɗigo, shi ne babban abokin gabarsa, don yashi yake kwasowa ya lafta a kan na da. Abin da yake jira shi ne ruwa mai ƙarfi na farkon damina, wanda zai cika magudanan Jimeta su gangaro kogi da gudu. Wannan ruwan yana yanka yashi, ya kwashe farin mai laushi na sama, ya bar baƙi mai tauri da tsakuwa. A nan duk abu mai nauyi yake kwance. Kullum yana gaya wa masu wanki cewa ƙarfe ba ya tafiya, nutsewa yake yi, su kuma su ce to Baba, Allah ya ba da sa'a.

A bakin kogin nan ya yi aboki, Malam Bobboyi, Bafillace ɗan asalin cikin garin Yola, mai lambun alayyafo da yakuwa da albasa a gefen yashi. Sa'o'in juna ne. Bobboyi yana da 'yar rumfar zana, a nan Othniel ke fakewa in rana ta take. In Bobboyi ya ta da salla, Othniel ke korar masa awaki. Zamansu duk tsiya ce.

"Yau me aka samu, attajiri?" in ji Bobboyi. "Marfi nawa?"

"Sun fi albasarka girma dai," in ji Othniel.

Akwai abu ɗaya da ba sa wasa da shi. A yatsan Bobboyi na hagu akwai zoben azurfa mai faɗi, ba dutse ba ado. Na ɗansa ne Abdulhakim, wanda ke kai masa kayan lambu kasuwa, bom ya rutsa da shi a can yana ɗan shekara ashirin da biyu. Da zoben uban ya gane shi. Sau ɗaya tak Bobboyi ya faɗi wannan, a shekarar farko ta abotarsu, bai ƙara ba, Othniel kuma bai taɓa tambaya ba.

To, bara cikin zafin watan Afrilu, Bobboyi ya tashi daga jinyar taifot ya rame, zobe ya yi masa yawa. Ran nan ya yi ta kai da kawowa da bokiti tsakanin lambu da bakin ruwa, tafiyar da ba ta wuce taku arba'in ba. Sai da ya zauna alwalar azahar ya ga yatsa wayam. Ranar kuwa Othniel bai zo ba, ya raka Keturah gaisuwar rasuwa Namtari. Maƙwabtan lambu, mutanen kirki, suka ɗauko shebur suka hau tono don taimako. Har la'asar suna juya yashi, na sama ya koma ƙasa, na nan ya koma can.

Da Othniel ya iso washegari ya ga wurin, sai da ya cire malafa ya riƙe a hannu. In da sun bar yashin yadda yake, aikin rabin awa ne. Ya so ya yi faɗa, amma da ya dubi fuskar Bobboyi sai ya haɗiye. Ya kunna sikana ya bi wurin taku-taku har rana ta karkata. Marfi bakwai da ƙusa ɗaya.

"Malam Bobboyi," ya ce, "zoben yana nan, amma ya yi ƙasa. Abin nan nawa ba zai ji shi ba. Kada a ƙara sa shebur a wurin nan. A jira ruwa."

"Ruwa ai tafiya zai yi da shi."

"Ba zai tafi ba. Yashin zai tafi, shi ya zauna."

Bobboyi ya dube shi. "Ka tabbata, Baba Sikana?"

"Na tabbata."

Da bakinsa ya faɗa, kuma tun kafin ya kai titi maganar ta fara yi masa nauyi. Abu biyu ne ba sa jiran kowa. Na farko kogin kansa: da zarar ruwa ya sauka a ƙasashen da kogin ya ratso, Binuwai zai cika ya shafe yashin nan gaba ɗaya, in ya janye kuma wani sabon yashi zai bari, mai tsayin mutum. Na biyu masu tifa, waɗanda ke cin yashin daga wajen gada suna matsowa kullum. In shebur ɗinsu ya kai wurin, zoben Abdulhakim zai ƙare a cikin bulon ginin wani.

Kogi ba a roƙonsa, amma masu tifa ana iya gwadawa. Shugaban masu lodi, Silas, ɗan cocinsu ne, Othniel ya sha shafa masa sikana a ƙofa. Ya same shi ya yi masa bayani. Silas ya sosa ƙeya ya ce direbobi ba sa son nisa da hanya, amma zai karkatar da su yamma na sati uku, bayan haka ba shi da iko. Othniel ya yi godiya, ya sari kara ya kafa a kusurwa huɗu na wurin.

Kwana shida bayan nan hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Othniel yana tsakar gida yana murna. Iska ta taso ta kwashe wa Keturah shanya, ta ɓalle kwanon maƙwabta, aka yi ta rugugi, sannan gari ya washe ko ɗigo babu. Da safe ya tarar da karan da ya kafa sun nutse, yashi ya ƙaru da kusan taƙi guda. Bobboyi yana ban ruwa, ya amsa gaisuwa da "Jam", wato lafiya da Fillanci, ya ci gaba da aikinsa. Bai tambayi marfi nawa ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a wurin Othniel.

Ranar ko tuwon kirki bai ci ba. Keturah ta zauna gabansa ta ce, "Baban Virtue, gaya mini gaskiya. Sani ne, ko taurin kan nan naka ne?"

"Sani ne," ya ce. Can kuma ya ce, "Amma ina jin tsoro. In kogi ya riga ruwan sama zuwa, ni na hana shi tono. Da wane ido zan dube shi?"

"Da wannan idon dai. Gobe ka tafi, ko ba ka duba komai ba ka zauna da shi. Kada ka bar mutum shi kaɗai da jira."

Haka ya yi. Kullum sai ya je, sikana a leda ko buɗe ta ba ya yi, ya zauna a rumfa ya kori awaki, ya taya tsinkar yakuwa. Su biyun suna satar kallon gabas, kowa yana yi kamar ba ya yi. Aka yi yayyafi sau biyu, irin wanda ko ƙura ba ya kashewa. Ƙarar tifa kuma kullum tana ƙara kusa.

A rana ta goma sha biyar ya tarar da Bobboyi tsaye a tsakiyar wurin da shebur a hannu. Othniel bai ɗaga murya ba.

"Ɗanka ne, Malam Bobboyi," ya ce. "In ka ce a tona, ba ni shebur ɗin, ni zan fara. Amma in ka tambaye ni, har yanzu a jira nake cewa."

Bobboyi ya dubi yashin. Sannan ya ce, "Zaman ne ba na iyawa. Gani nake kamar na bar shi a rana." Ya juya shebur ɗin a hannu, ya koma ya jingine shi a jikin rumfa. "Shekara nawa kana bin yashin nan. Na ji maganarka."

Ruwan ya zo ranar Alhamis, kwana goma sha takwas da ɓatan zobe. Da la'asar ya kece kamar da bakin ƙwarya, titunan Bekaji suka zama rafi, masu keke suka fake a gidajen mai. Othniel ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kwata tana ambaliya, ruwa yana feso masa har gwiwa, Keturah tana ce masa ya shigo kafin ya jawo mata mura. Awa biyu aka yi ana zubawa.

Gari na wayewa ya sauka kogi, ya tarar Bobboyi ya riga shi. Wurin ya canza kamar ba shi ba. Karan nan huɗu babu ko ɗaya. Ruwan gari ya yanka kwari tun daga gindin lambu har bakin kogi, zurfinsa ya kai gwiwa a wasu wuraren, ya cinye wa Bobboyi kunya biyu ta albasa, bai ko kula ba. Kogin kuma ya yi ja, ya matso da taku uku ko huɗu, alamar an yi ruwa can inda ya fito. Othniel ya gane ba sauran sati, watakila ba sauran jibi ma.

Bai yi gaggawar kunna sikana ba. Ya tsaya a bakin kwarin yana karanta shi. Ya bar tsakiya inda ruwa ya yi gudu, ya bar bakin kogi inda farin yashi ya taru. Inda kwarin ya yi lanƙwasa, ta cikin gwiwar, akwai shimfiɗar baƙin yashi da tsakuwa da fasassun kwalabe. Nan ya sauka, ya durƙusa, ya kwance sikanar daga sanda ya riƙe ta a hannu.

Sikana ba ta san azurfa da gwangwani ba, tsuwarta ɗaya ce. Ta yi ta farko, Bobboyi ya zube a gwiwa, ashe marfi ne. Ta biyu ƙugiya. Ta uku wani guntun sarƙar keke. Kowace tsuwa sai Bobboyi ya durƙusa ya tashi, har Othniel ya ce masa don Allah ya zauna, ya ƙi. Masu wanki suka bar wankinsu suka tsaya daga nesa suna kallo. Can wajen gada tifar farko ta ta da inji.

Wajen ƙarfe tara, a gindin wani dutse da bai fi dunƙulen hannu ba, ta sake yin tsuwa. Othniel ya share yashin da gefen tafinsa, a hankali, sau biyu. Ga gefen wani abu mai zagaye, ya yi duhu, rabinsa a binne. Ya san shi, shekaru yana ganinsa a hannun da ke miƙo masa ruwa. Hannunsa ya kai har kusa, sai ya janye. Ya kashe sikana ya matsa gefe.

"Malam Bobboyi," ya ce, "zo ka duba wannan da kanka."

Bobboyi ya sauko kwarin. Ya sa yatsa biyu ya zaro zoben, ya riƙe a tafi yana kallo. Leɓunansa suna motsi, Othniel ya san hamdala yake yi, shi ma ya yi tasa a zuci. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba, ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen yashi. Bobboyi ya je bakin ruwa ya wanke zoben, ya goge da bakin riga, ya zura a yatsa. Da ya sauke hannu sai zoben ya sulluɓo har gaɓa, ya yi maza ya tare da ɗaya hannun.

"Kawo nan," in ji Othniel. "So kake mu sake jiran wata damina?"

Ya ja zare daga bakin wandonsa inda aka datse, dogo guda, ya fara naɗa shi a cikin zoben ta baya, yadda mata ke yi in zobe ya yi musu yawa. Bobboyi ya zauna kusa da shi, ya miƙo hannu yana jira.

"Useko, Baba Sikana," ya yi masa godiya da Fillanci. Sannan ya ce, "Yatsansa ya fi nawa kauri. Yaro ne, amma hannun aiki gare shi. Ranar nan da ƙyar na zare shi."

Othniel bai ɗago ba. Ya gwada zoben a yatsan abokinsa, ya shiga, amma da ɗan sauran sako-sako.

"Ƙara zaren," in ji Bobboyi.

Othniel ya sake jan wani daga wandon, ya ci gaba da naɗawa.